Jarumar fim da matar cikin kwale-kwale

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in amayar da abin da ya tsaya min a rai tun hutun ƙaramar Sallah.

Jikata ce ta zo min hutu, 'yar aji biyu a babbar sakandare. Kullum bayan isha'i tana maƙale da waya, tana kallon fina-finan Turawan nan da samarinmu ke ɗora wa muryar Hausa. Wani dare na leƙa, sai ga mace a kan jirgin ruwa, gashi a baje, riga ta matse ƙugu, takobi a hannu, mai fassara yana ta zuba mata kirari. Na ce wace ce wannan? Ta ce, "Hajiya, 'yar fashin teku ce, ba ta tsoron kowa." Murmushin da ta faɗi kalmar fashi da shi ne ya hana ni barci. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi, kuma bara waccan sai da muka sayar da gona kafin muka karɓo ɗan ƙanena daga hannun 'yan bindiga. Saboda haka kalmar nan ba ta yi min daɗin ji ko a bakin waye.

Wadda masu fim da marubuta labarai suka fi so ita ce Anne Bonny, da abokiyarta Mary Read. In ka ga yadda ake yayata su sai ka ɗauka sun shekara ashirin suna girgiza duniya. Alhali a watan Agustan 1720 suka saci jirgi a tashar Nassau da ke tsibiran Bahamas tare da wani ɗan fashin teku, John Rackham, ba a yi wata uku ba aka kama su. Cikin tuhumar da aka karanto a kotu har da tare jiragen masunta bakwai da kwashe kifi da kayan su. Masunta fa, Edita, talakawa masu neman na tuwo.

An yi wa matan shari'a a Jamaika ranar 28 ga Nuwamban 1720, kuma an buga bayanan shaidu, suna nan har yau. A ciki akwai wata mata, Dorothy Thomas. Tana cikin kwale-kwalenta da ɗan kayan abinci a arewacin tsibirin suka far mata. Ta gaya wa alƙalai cewa matan biyu suna sanye da rigar maza da dogon wando, sun ɗaure kai da ƙyalle, kowacce da adda da ƙaramar bindiga. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa gani a fim ba: su matan ne suke zagin mazan suna cewa a kashe ta, don kada ta je ta ba da shaida. Mu da muke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ga inda maganar ta karye. An yanke musu hukuncin rataya, suka ce suna da juna biyu, aka ɗage. Mary ta mutu a kurkuku a 1721.

To daga ina rigar matse ƙugun ta fito? Daga 'yan kasuwar littafi. A 1724 aka buga wani littafin tarihin 'yan fashin teku a Landan, da sunan wani Kyaftin Charles Johnson, ya cika babin matan nan da labarin soyayya da cin amanar aure. A zanen farko matan suna cikin burma-burman kayan maza, kusan kamar yadda Dorothy ta kwatanta. Da aka juya littafin zuwa harshen Holan a 1725, sai mai zane ya buɗe musu ƙirji, ya saki gashi. Shekara 300 ke nan ana juya wannan hoton. Na da sun tuɓe musu riga don littafi ya saidu, na yanzu kuma sun haɗa har da wanke musu laifi, suna cewa mata ne masu neman 'yanci.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne wadda ta yi fashin na gasken-gaske ba ta wani dame su ba. Ina nufin 'yar ƙasar Sin ɗin nan da tarihi ya riƙe da laƙabin Zheng Yi Sao, wato matar Zheng Yi. Da mijinta ya mutu a 1807 ta gaji rundunar jirage ɗaruruwa da mutane dubbai a gaɓar Guangdong da ke kudancin Sin. A fim ɗin Pirates of the Caribbean na 2007 an sa wata tsohuwa da farar hoda a fuska a madadinta, ta yi 'yan mintuna a zauren taro, shi ke nan. Dalili a fili yake: ƙarfinta ba a wasan takobi yake ba, a lissafi yake. Duk ganimar da aka samu sai an rubuta, wanda ya kamo ya ɗauki kashi 2 cikin 10, sauran ya shiga baitulmalin runduna. Jiragen fataken gishiri suna biyan kuɗi a ba su takardar wucewa. Ƙauyukan bakin ruwa suna biyan haraji, wanda ya ƙi a ƙone shi a kwashe mata da yara sai an kawo kuɗin fansa, kamar yadda suka yi a kogin Pearl a 1809. Duk manomin da aka taɓa cewa ya biya kafin ya girbe gonarsa ba ya bukatar in yi masa bayani. A 1810 ita da kanta ta shiga birnin Kanton da tawagar mata da yara ta yi cinikin sulhu da gwamna. Aka yi musu afuwa, aka ba mataimakinta Zhang Bao muƙami a sojan ruwan gwamnati, ita kuma ta rayu cikin wadata har 1844. Wannan ma ba sabon labari ba ne a kunnenmu.

Kada a yi min mummunar fahimta. Ban ce a daina ba da labarin matan nan ba, ni kaina na sha kawo su a aji don ɗalibai mata su farka daga gyangyaɗi. Na kan ba su labarin Sayyida al-Hurra, wadda ta mulki Tetuwan ta Maroko har 1542, tana tura jirage kan Fotugal da Sifaniya, wadda Sarkin Fas ya taso takanas zuwa garinta aka ɗaura musu aure a 1541. Turawa suna ce mata 'yar fashi, mutanenta suna ce mata hakima mai rama wa Musulmin Andalus da aka kora daga Sifaniya. Amma na kan ƙara musu da cewa ita ma ta tsare mutane ta karɓi fansa, kuma kowane ɗayansu yana da uwa a gida.

Roƙona ga marubutanmu mata, musamman masu sakin littafi shafi-shafi a waya, tunda na ga sun fara sha'awar labarin jaruma mai makami: wata ta gwada shiga kwale-kwalen Dorothy ta ba mu labarin daga can. Na karanta wa jikata shaidar matar nan da safe muna karyawa. Ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, ita kaɗai ta je kotun, suna kallonta?" Na ce suna tsaye a gabanta ta faɗa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taka,
Malamar tarihi mai ritaya,
daga Funtuwa.