Wasiƙa daga Garwa a kan hawan Dutsen Kamaru

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Injamena, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na yi maka, cewa in Allah ya kai ni Dutsen Kamaru, dutsen nan mai aman wuta, zan ba ka labarinsa.

Jirgin ƙasa na dare na bi daga Ngaundere zuwa Yawunde, daga nan mota ta kai ni Buea, garin da ke gindin dutsen, inda ɗana yake karatu. Shi ya samo mana jagora da 'yan dako biyu, dukkansu Bakweri, mutanen da dutsen yake ƙasarsu. Mun kama hanya bayan sallar asuba, muka yi ta hawa cikin kurmi mai duhu, raɓa tana ɗigo mana a ka, har muka wuce bukka ta farko ta masu hawa, inda itatuwa suka ƙare muka shiga ciyawa da baƙar tsakuwa mai zamewa, wadda in ka yi taku uku sai ta mayar da kai ɗaya.

Ni da na girma a Garwa, inda zafin Afrilu yake kora mutum kwana tsakar gida, wuta na tafi nema, sai ga shi sanyi ne ya tarbe ni. A bukka ta biyu da muka kwana, na zuba ruwa zan yi alwalar asuba, kafin in kai ga wanke ƙafa yatsuna sun ƙage har na kasa riƙe butar, sai ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ɗumama mini sauran a tukunyar shayi. Na raba musu kilishin da na yi guzuri, suka ce yajinsa ya fi bargo amfani. Washegari muka kai ƙololuwar da ake kira Fako, wadda ta haura mita 4,000, ina haki kamar tsohon jaki, alhali masu tseren da ake yi a nan kowace shekara sukan hau su sauko a ƙasa da awa 5.

Ka tambaye ni ko zan ga wuta da idona. Ban gani ba, kuma na gode Allah. A hanyar saukowa dai mun tsaya a bakin ramukan da dutsen ya yi amai ta cikinsu a 1999 da 2000, wurin baƙi ƙirin kamar an zazzage buhunan gawayi, babu tsuntsu babu inuwa. Na ɗauki wani dutse mai ƙofofi kamar saƙar zuma, na ji ba shi da nauyi a hannu, ɗana ya ce iskar da ke cikin narkakken dutsen ce ta bar waɗannan ƙofofi lokacin da yake sandarewa. Ya kuma tuna mini da dogayen duwatsun Rumsiki da muka je kallo da kai muna samari, ya ce su ma narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron duwatsu masu aman wuta, daga baya ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi. Ashe ƙasusuwan matattu muka gani a can, wannan kuwa barci kawai yake yi.

Kafin in juyo na je Bakingili, inda aman 1999 ya gangaro ta cikin gonakin kwakwar manja ya datse titin Limbe zuwa Idenau, ya tsaya dab da teku. Har yau yana nan jibge, titin ya kewaye shi, mutane kuma suna noma kusa da shi saboda albarkar ƙasar. Da fari na ɗauka ganganci ne, amma da na tuna mu ma ba mu bar bakin Binuwai ba duk da ambaliya, sai na yi shiru.

Zan ba wani direba mai zuwa Kusiri wancan ɗan dutsen ya kawo maka, ka nuna wa yara. Ka gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida.

Wassalam,
Amininka na Garwa