Kira ga masu rubuta wa yara labaran marayu

Ya mai girma Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da marubutan da ke ƙaga wa yara labarai, musamman waɗanda suke sa maraya a hannun riƙo su bi shi har ya sami kwanciyar hankali. Ƙorafina na farko shi ne: yawancin irin waɗannan labarai suna gaggauta yarda, sai ka ga yaron da ya rasa iyayensa a shafi na uku ya riga ya saki jiki da uwar riƙonsa kafin a kai shafi na goma, kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

A zahiri ba haka abin yake tafiya ba. Yaron da mutuwa ta raba shi da mahaifansa, aka yi ta kai shi daga wannan hannu zuwa wancan, ya riga ya koyi cewa manya suna tafiya su bar mutum. Saboda haka yakan ƙi barci, yakan ɓoye ƴan kayansa, yakan yi ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci ma da gangan yake aikata laifi domin ya ga ko za a kore shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A nan ne labarin yake, kuma a nan ne marubuta suka fi tsallakewa. Abin da ke gina yarda shi ne maimaici: mariƙin da ya ce zai dawo da yamma kuma ya dawo, wanda ya yi faɗa yau amma gobe yaron ya tashi ya tarar da shi yana nan, ba a tattara masa kaya ba. Littafin da ya nuna wannan a hankali zai amfani maraya mai karatu, domin zai gane cewa tsoron da yake ji ba mugun hali ba ne, kuma zai amfani ƴaƴan gida, waɗanda sau da yawa ba sa fahimtar dalilin da ya sa baƙon ɗan'uwansu yake ja da baya.

Bincike ma ya goyi bayan muhimmancin riƙo a cikin iyali. A wani nazari da aka fara a Bukarest ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000, an bi diddigin yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, sai aka ga waɗanda aka mayar sun fi ci gaba wajen basira da shaƙuwa da mai kula da su, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu.

Akwai kuma halin shafe asalin yaro, wanda nake ganin ya fi gaggawar muni. Wasu labaran suna ƙarewa ne da maraya ya manta da mahaifansa gaba ɗaya, a matsayin alamar cewa ya warke. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wanda ya ambaci riƙo da kafala ta shari'ar Musulunci, ya nemi a kula da addinin yaro da harshensa da asalinsa idan za a sama masa madadin gida, kuma aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira ƴaƴan riƙo da sunan ubanninsu. Yaro yana iya son uwar riƙonsa yana kuma kewar mahaifiyarsa, kuma marubuci nagari zai bar masa duka biyun. Haka nan ba sai an mayar da mariƙi waliyyi ba, ko a mayar da shi azzalumi irin kishiyar uwa ta tatsuniya. Mutum ne da yakan gaji, yakan yi kuskure, ya nemi afuwar yaron.

Ina ba da shawara jaridarka ta riƙa ware wani gurbi a shafin yara domin nazarin irin waɗannan littattafai, a kuma riƙa jin ta bakin waɗanda suka tashi a hannun riƙo kafin a yaba wa littafi.

Naka,
Wani mai karatu