Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Kano: A Zana Makaranta Kafin a Fara Buga Bulo

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni tsohon malamin sakandare ne, na sha ƙurar alli shekaru masu yawa kafin na ajiye aiki. Tun da gwamnatinka ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake ta maganar gina sababbin ajujuwa da gyara tsofaffi, kuma babu mai ƙin wannan. Sai dai akwai tambayar da ban ji ana yi ba: wane irin gini? Kai na kawo wa kukan domin injiniya ne kai, ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka daga 2011 zuwa 2015, ba sai an yi maka tafintan zanen gini ba.

Akwai wani aji da na taɓa koyarwa a cikinsa, tagoginsa na kallon yamma, silin ya daɗe da zubewa, sai kwano tsirara. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, da an yi azahar darasi ya ƙare ko da ba a kaɗa ƙararrawa ba. Yara na gyangyaɗi, malam na fifita da littafi. Mun daɗe muna zagin yaran da lalaci, alhali laifin na wanda ya dasa ginin ne. Zane ɗaya ake yawo da shi gari-gari: dogon gini mai aji uku da ɗan ofis, ɗan kwangila ya juya fuskarsa bakin titi don masu wucewa su ga fenti, ba ruwansa da inda rana take fitowa ko inda take faɗuwa.

Gyaran wannan ba ya cin ko buhun siminti ɗaya. Dogayen bangayen aji su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye marasa taga su tari gabas da yamma. Taga ta fuskanci 'yar'uwarta domin iska ta ratsa, baranda ta yi faɗi ta yi wa bango inuwa. Kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ne yake yaye kwanon makarantu kowace damina, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas. To me zai hana layin darbejiya ya shiga cikin zane da cikin kuɗin kwangila tun farko, a shuka shi ranar da aka haƙa tushe? Ba sai an gama gini a tara ɗalibai su dasa sanduna biyar don ɗaukar hoto ba.

Kar a ce mafarkin tsoho ne. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamaren ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin yadda zazzafar iska za ta fice ta tsakani. Daga baya ya gina sakandaren Schorge a Koudougou da jan dutsen yankin, ajujuwan suka kewaye tsakar gida kamar yadda ɗakuna suke kewaye tsakar gidan Bahaushe, da hasumiyoyin da suke fitar da zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Nan kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, magina 'yan gari suka yi aikin. Kai, me ya kai mu nesa? Tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce, kuma tana nan tsaye shekara ɗari da ɗoriya. Ban ce a koma ginin azara ba. Cewa na yi bulon siminti mai rami da kwano shafal ba su ne ma'anar zamani ba.

Sai maganar da ake jin nauyin faɗa: ban-ɗaki. A yawancin makarantunmu shi ne ake tunawa da shi bayan kuɗi sun ƙare, sai a haƙa rami huɗu can bayan katanga a ce wa ɗalibai dubu ga naku. Ɗa namiji ya zagaya bayan aji. 'Ya mace budurwa fa? Ta riƙe har a tashi, ko kuma ta zauna a gida kwanakin al'adarta kowane wata, sannan mu zo taro muna mamakin yadda mata ke barin makaranta. Ban-ɗakin mata ya zama kusa da ajujuwansu, da ƙofa mai sakata, da famfo a ciki. Rijiyar burtsatse, tanki, sola, wurin alwala da magudanar da za ta kai ruwan gindin itatuwa, duk a gan su a kan takarda tun kafin a sa hannu a kwangila.

Bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disamban 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, kowa ya koma maganar katanga da ƙarfe, kuma da gaskiyarsu. Amma Kano ba ta manta gobarar makarantar mata ta Jogana a 2015 ba, wadda ta ci rayukan ɗalibai bakwai. Ɗakin kwanan da aka toshe tagoginsa da rodi, aka bar masa ƙofa ɗaya mai buɗewa ciki, tarko ne ranar da wuta ta tashi. Ƙofa biyu aƙalla, masu buɗewa waje, gidan mai kula da yara a jikin ɗakin, ofishin shugaban makaranta kuma a inda zai hango ƙofar shiga daga kujerarsa.

Ɗakin gwaje-gwaje ba na jin sai na tsawaita. Jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 ta san ɗaki ba ya zama na kimiyya don an rubuta haka a ƙofarsa, sai da ruwa da gas da teburin da asid ba ya ci. Ɗakin kwamfuta yana son wuta da kariya daga ƙura. Yaron da ke kan keken guragu yana son gangara a maimakon matakala. Fili kuwa a auna shi, a yi masa takarda, a ware inda za a ƙara gini nan gaba, kar wata rana a wayi gari an yanka filin ƙwallo an jera shaguna.

Roƙona guda ne, ranka ya daɗe. A zaɓi sakandare ɗaya daga cikin waɗanda za a gina, a sa gasar zane tsakanin masu zanen gini, har da malamai da ɗaliban wannan fanni na Jami'ar Bayero. Kafin a zaɓi gwani, a zaunar da shugabannin makarantu, da malamai mata, da ɗalibai, da tsofaffin magina su duba zanen su faɗi abin da suka gani. Idan an gama, Afrilu na zuwa a rataye ma'aunin zafi a sabon aji da tsohon aji da ƙarfe ɗaya na rana, a karanta wa jama'a sakamakon a rediyo.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon malamin sakandare, Kano