Zafin ƙarshen bazara a tsakanin duwatsun Damagaram

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan zafin ƙarshen bazara a nan Damagaram, wanda a ganina yake ƙara tsananta shekara bayan shekara. Mun saba a watannin Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 da rana, amma abin da ya fi damuna shi ne dare, domin manyan duwatsun unguwar Birni suna wuni suna shan rana, sannan su riƙa fitar da hucinsu har bayan sallar isha'i. Wanda ya dafa ɗaya daga cikinsu da magariba zai ji shi kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Tsofaffinmu kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida su yayyafa mata ruwa kafin su kwanta, ruwan kuwa da ƙyar ake samunsa, tunda a wannan lokacin ne famfo ke ɗaukewa, 'yan ga-ruwa kuma su ƙara kuɗi.

Manoman Matamaye da Magarya sun bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu, itacen da ke fitar da ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Ina kira ga hukumomin birni da masu unguwanni su sa a dasa dogon yaro a bakin tituna da harabar makarantu da farkon daminar bana, a kuma ɗora wa kowane gida ban ruwan itacen da ke ƙofarsa.

Naku mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram.