Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Kan Koya Wa Matasa Sana'o'in Da Ake Nema

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu,
Alhaji Sama'ila Muhammad Mera,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Assalamu alaikum warahmatullahi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne daga cikin garin Argungu da ƙauyukan fadama, tare da 'yan'uwanmu na Augie da Kangiwa da Kamba. A cikinmu akwai manoman rani, da masu gareji, da masu walda, da mata masu turara shinkafa, da iyayen yaran da suka gama koyon sana'a suka dawo suka zauna. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga babu inda ya dace mu kai wannan kuka sai gidan Kanta.

Ranka ya daɗe, ana koya wa yaranmu sana'a, amma ba a tambayar kasuwa kafin a fara. Kusan kowace shekara sai an kawo wani shirin horar da matasa, wani na hukuma, wani na ɗan siyasa, wani na masu ba da agaji, kuma duk mun gode musu. Sai dai jerin sana'o'in ba ya canzawa: ɗinki, aski, haɗa sabulu da man shafawa da turare, wani lokaci a ƙara da kwamfuta ta 'yan makonni. A yi bikin yaye, a raba keken ɗinki da takarda, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba a jimawa sai ka ga keken nan a hannun dillali, yana cikin kwalinsa, ko ƙafa ba a ɗaura masa ba, ana neman rabin kuɗinsa. Mutane su ce yaran yanzu ba su son aiki. Mu da muke zaune da su mun san ba haka zancen yake ba. Yaron ya fito ya tarar da tela a kowace kwana ta unguwarsu, kuma su ma tsofaffin hannun sai azumi ya raba tsakiya suke ganin aikin kirki. Ɗinki sana'a ce mai mutunci, akwai waɗanda da ita suka yi aure suka gina gida a cikinmu. Amma garin da ya ƙoshi da teloli ba zai ciyar da sababbi ba, don haka yaron ya sayar da keken ya haɗa kuɗin kabu-kabu, ko ya shiga mota ya tafi ci-rani.

A daidai wannan lokacin kuma aiki na nan jibge a fadama ba mai yi. Tun da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a nan Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman shinkafa ya sauya kama. A 2017 aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a nan Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa a lungu da saƙo. Duk wannan ƙarfe ne da waya da bel da mota mai juyawa, kuma duk abin da ke juyawa wata rana sai ya tsaya.

Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Manomin da ba zai iya ciyar da injin ban ruwa da fetur ba ya koma famfon sola, wani ya juya injinsa zuwa gas. Yanzu in Mai Martaba ya bi ta fadama da rani zai ga farantan sola a jingine bakin gonaki suna ƙyalli. Abin alheri ne, amma ya zo da tasa matsalar. Famfon nan yakan tsaya tsakar rana, shinkafa ta yi ciki, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi ko kaɗan. Manomi ya kira makanikensa na kullum, wanda ko a duhu zai kwance kabureta ya mayar. Ya zo ya buɗe akwatin da ke sarrafa wutar, ya ga allo da ƙananan wayoyi, ya rufe ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Sai a ɗaure akwatin a bayan babur a nufi Birnin Kebbi ko Sakkwato, a jira layi. Kafin a dawo ƙasa ta dare, ganye ya naɗe. Sau da yawa kuma sai a tarar abin da ya lalace bai wuce waya ɗaya da ta ƙone ba, ko yashi da ya toshe famfon. Haka ake fama da ƙaramar garmar inji, da injin sussuka, da injinan jiragen ruwa na masunta. Mata masu turara shinkafa kuwa, in injin casa na unguwa ya tsaya, jarinsu ne ke kwance a buhu har sai mai gyara ya iso daga wani gari.

Akwai wani ɓangaren da ya fi yi mana ciwo. Muna da ƙwararru a garejojinmu da suka shekara goma, ashirin, suna aiki, sun yaye yara da yawa, amma ba su da takardar da za su nuna. In kamfani ko ma'aikata na neman ma'aikacin inji, takarda ake fara tambaya, sai mai hannu ya tsaya a ƙofa. A gefe guda ga yaranmu masu difloma, waɗanda a lokacin sanin makamar aiki aka tura wasunsu ofis suka yi watanni suna kai fayil daga tebur zuwa tebur, suka dawo da takarda ba su taɓa sufana ba. Mai hannu ba takarda, mai takarda ba hannu, kuma duka 'ya'yan Kabi ne.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwar rubuto wannan takarda shi ne hanyoyin gyara suna nan, ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 don kula da ilimin fasaha, tana da tsarin da ake gwada mutum a kan abin da ya riga ya iya a ba shi shaida, ko da bai shiga aji ba. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawar makarantun fasaha. Asusun ITF, wanda ke nan tun 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da manyan kamfanoni ke biya a shekara don horar da ma'aikata. Hukumar NDE kuma ta daɗe tana da shirin haɗa matasa da masu sana'a su koya a wurin aiki. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga ta jiha a Dakingari, ga jami'a a Aliero. Kowanne yana nasa, ba wanda ya zaunar da su wuri ɗaya tare da masu ɗaukar aiki, kuma makaniken da ke bakin tasha bai ma san an yi waɗannan ƙofofin dominsa ba.

Babban roƙonmu shi ne Mai Martaba ya kira zama a fada, ya haɗa masu masana'antun shinkafa manya da ƙanana, da dillalan kayan sola da injinan noma, da shugabannin makanikai da manoma, da wakilan makarantu da hukumomin da muka ambata. A tambayi masu ɗaukar aiki kai tsaye: wane irin ma'aikaci kuke nema ku rasa, kuma yara nawa za ku iya karɓa su koya a hannunku? Kafin zaman, muna roƙon a umurci uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su tattaro bayani daga yankunansu, a san irin injinan da ke kowane gari, da masu gyaran da ake da su, da aikin da ake fita nema waje. Mai unguwa ya san wannan fiye da duk wani baƙo mai riƙe da fom. Abin da aka tattara shi zai zama ma'auni. Duk mai son kawo shirin horarwa a masarautar nan, tunda dama sai ya biyo ta fada neman albarka, a miƙa masa wannan jerin a ce ga abin da ƙasa ke buƙata.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki a kawo jarrabawar gwajin sana'a nan Argungu ko sau ɗaya a shekara, a yi gwajin da Hausa ga wanda bai iya Turanci ba, domin iyayen gidan gareji su samu shaida.

Game da tsawon horo, mako biyu ba ya mai da yaro makanike. Muna so a riƙa ba da watanni, rabi a aji rabi a gareji ko masana'anta, a kuma ɗan tallafa wa maigidan da ya karɓi yaro, don shi ma kayan aikinsa da lokacinsa yake bayarwa. Bayan yaye da wata shida a koma a duba su wa suka samu aiki, a kawo rahoton gaban majalisar Sarki. 'Yan matanmu ma a sa su cikin lissafi. Gyaran waya, da haɗa ƙaramar sola ta cikin gida, da tantance ingancin shinkafa, duk aiki ne da za su iya, kuma mace ta fi samun shiga gidajen aure ta yi gyara.

Mun ga yadda Mai Martaba ya tsaya tare da sauran sarakunan Arewa a kan rigakafin shan inna, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙasar nan ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Da masu unguwanni aka bi gida-gida aka yi wannan aiki, kuma irin wannan tsayuwar muke roƙo a yi wa matasanmu. Muna fatan a yi zaman kafin a shiga noman rani mai zuwa. Wasu daga cikin masu garejinmu da masu walda sun riga sun amince za su karɓi yara, kuma a shirye muke mu zo da sunayensu duk ranar da fada ta kira mu.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasar Kabi lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin manoman rani, masu sana'ar hannu, mata masu turara shinkafa da iyayen yara na Masarautar Argungu.