Ana Ƙirga Shaho a Batumi, Mu a Nan Wa Ke Ƙirgawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in jawo hankalin masu karatu ga wani aiki da ake yi a wasu ƙasashe duk lokacin kaka, wato zaman kallo da ƙirga tsuntsaye masu farauta, dangin shaho da shirwa da mikiya, yayin da suke ƙaura daga Turai da yammacin Asiya zuwa Afirka.

A gaɓar Baƙin Teku, a ƙasar Jojiya, akwai wani birni da ake kira Batumi. Tun daga shekarar 2008, masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban suke hawa tuddai biyu da ke bayan birnin, daga tsakiyar Agusta har zuwa Oktoba, su zauna tun hantsi bai yi ba har rana ta yi sanyi, kowa da madubin hangen nesa da ɗan abin ƙirga da ake dannawa da yatsa. A kaka ɗaya sukan ƙirga tsuntsaye sama da miliyan ɗaya, akwai kuma ranakun da adadin ke haura dubu 100 kafin faɗuwar rana. Idan ayarin ya yi kauri ba a iya bin su ɗaya-ɗaya, sai a riƙa ɗaukar su goma-goma ko ɗari-ɗari, tuddan biyu kuma suna magana da juna ta rediyon hannu don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Dalilin taruwarsu a wuri ɗaya shi ne abin da ya fi burge ni. Manyan tsuntsayen nan ba sa son yawan kaɗa fiffike, domin yana cinye musu ƙarfi. Suna jira ne rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sai su shiga cikinta su yi ta jewa suna hawa ba tare da wahala ba, idan sun kai ƙololuwa su miƙe fikafikai su zurara kudu har su tarar da wata iskar. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da azahar ya ga shirwa tana kewaya sama fiffikenta ko motsi ba ya yi, to ya ga wannan dabarar da idonsa. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke gudun faɗin ruwa, su matsu a inda ƙasa ta tsuke: a Batumi tsakanin teku da duwatsu, a mashigin Bosforus na Istanbul, da kuma mashigin Jibralta, inda tazarar Sifaniya da Maroko ba ta wuce kilomita 14 ba.

Na san wani mai karatu zai ce mutane na fama da tsadar masara, wannan kuma yana maganar ƙirga shaho. Ban ga laifinsa ba, amma ina so ya dubi abin da ya faru a Amurka. A jihar Fensilbeniya akwai wani dutse da maharba suka mayar wurin wasa, suna harbe dubban shaho duk kaka, har sai da wata mata mai suna Rosalie Edge ta karɓi hayar wurin a 1934, ta ɗauki wani masanin tsuntsaye, Maurice Broun, ya tsare shi. Broun ya fara rubuta adadin abin da ke wucewa kullum, aka ci gaba da haka shekara da shekaru. Da aka zo ana neman hujjar cewa maganin ƙwari na DDT yana lalata haihuwar tsuntsaye, wannan lissafin yana cikin abin da marubuciya Rachel Carson ta kafa hujja da shi a littafinta na 1962, domin ya nuna matasan mikiyoyi suna raguwa. A 1972 Amurka ta hana amfani da maganin a gonaki. Guba da ta taru a jikin mikiya ta biyo ta ruwa da kifi ne, wato ta hanyar da mutum ma yake ci yake sha.

Yanzu bari in dawo gida. Ina yaro, a kan rufin kwatar garinmu angulaye sukan jeru kamar an yi musu sahu, mahauta na korar su da jifa suna dawowa, mu kuma muna yi musu dariyar sanƙo. Yau shekaru ke nan ban ga ko ɗaya a wurin ba, kuma da na tambayi jikokina, angulu a karin magana kawai suka san ta, inda ake cewa ba ta jewar banza. Babu wanda zai iya gaya mini shekarar da suka fara raguwa a garin, domin babu wanda ya taɓa rubutawa. Sai da wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye daga cikin mota tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, sannan aka ga girman ɓarnar: a wajen gandun daji, manyan angulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A 2015 aka sa angulun da muka saba gani a kwata cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da cinikin kawunansu a kasuwannin magani, da sare manyan itatuwa, duk suna da hannu a ciki.

Baƙin da ke zuwa mana daga Turai ma nan suke faɗawa cikin irin wannan hali. Akwai wani siririn shaho mai ruwan toka, mai baƙin bakin fiffike, wanda manomi kan gani bayan girbi yana tafiya ƙasa-ƙasa a kan gona yana karkata hagu da dama. Masana a ƙasar Holan sun ɗaura wa irinsa na'urar bin sawu, suka ga yana ƙetare Sahara ya yi rani a yankin Sahel, har da Nijar da arewacin Najeriya, kuma mafi yawan abincinsa a nan fara ce. Ke nan ma'aikaci ne da manomi bai biya ba. Idan aka yi feshin jan-baki ko na fara ba bisa ƙa'ida ba, shi da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda ke cin gawar da ta sha guba. Bature ya ƙirga shi a hanya a watan Satumba, amma abin da ya same shi daga Oktoba zuwa Maris a gonakinmu yake faruwa.

Gaskiya ne ba mu da mashigi irin na Batumi, domin da sun ƙetare hamada sukan bazu a faɗin ƙasa. Amma muna da abin da za a iya ƙirgawa. Da yawansu suna kwana a wuri ɗaya, wasu a kan itatuwa, wasu a cikin ciyawa, don haka mutum biyu da suka zauna a gefen makwancin kafin magariba za su iya rubuta abin da ya sauka. A Senegal, a wani tsibiri kusa da garin Kaolack, a 2007 aka gano makwanci mai tsuntsaye masu farauta sama da 40,000, alhali masunta da makiyayan wurin sun daɗe suna ganin su. Wa ya san abin da ke kwana a fadamun Haɗeja da Nguru, ko a bakin Tafkin Chadi? Hanyar Thiollay ma ba ta buƙatar komai sai mota da littafi, da haƙurin bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara, domin ƙirgar da ba a maimaita ta ba labari ne kawai.

Ba daga tushe za a fara ba. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos tana yaye masana a wannan fanni, akwai kuma Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. Roƙona gare su shi ne su fito da ɗan littafin gane tsuntsaye da Hausa, mai hotuna, su kuma zauna da maharba da makiyaya da tsofaffin manoma su tattara sunayen da ake kiran kowane iri, domin yanzu kusan komai shaho muke ce masa, kuma ba a ƙirga abin da ba a iya bambancewa. Malaman kimiyya a makarantun sakandare na Jigawa da Yobe da Damagaram za su iya fita da ɗalibai sau ɗaya a mako daga Oktoba zuwa Disamba.

Kai kuma, Edita, ina roƙon ka ware ɗan gurbi a shafin noma da muhalli inda masu karatu za su riƙa aiko da suna ko kamannin tsuntsu, da adadi, da gari, da rana. Ni dai na sayi littafin rubutu mai shafi 60, kuma na zaɓi kukar da ke bakin fadamar garinmu, inda zan riƙa zama kowace Asabar bayan la'asar.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga yankin Haɗeja, Jihar Jigawa.