Adda ta ƙona zanen mahaifiyata, hannuna ya ƙi kama fensir

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan wannan shiri da kike gabatar mana. Na daɗe ina sauraronki ina kan keken ɗinki, ban taɓa zaton wata rana tawa wasiƙar za ki karanta ba. Ki yi haƙuri in maganar ta zo miki a hargitse, yau kwana shida rabona da barcin kirki.

Ranar Juma'ar da ta wuce yayar maigidana, wadda muke kira Adda, ta shiga ɗakina ba na nan, ta ciro zanen fuskar mahaifiyata da na yi da hannuna, ta kai madafi ta cusa a murhu. Ni ina maƙwabta wajen barkar haihuwa. 'Yata ta biyu ce ta tare ni a zaure tana kuka, ta kasa ma yi mini bayani. Abin da na tsinta a bakin murhu gefen takardar ne kawai, inda na zana ƙullin ɗankwalin Inna. Wata bakwai na yi a kan wannan aikin, Hajiya. Wata bakwai.

Bari in koma baya don ki gane. Ni matar aure ce a nan Garwa ta Kamaru, shekarata 43, 'ya'yana biyar, sana'ata ɗinki a cikin gida. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne, kuma shi ake kawo wa allo ya yi zayyana idan yaro zai yi sauka. Ni ce mai jiƙa masa ƙaro, ni ce mai tace tawada, ni nake feƙe masa alƙaluman kara. Sai in tsuguna a gefen buzunsa ina kallon yadda yake ja layi ba tare da ma'auni ba, ya cika wannan gida da ja, wancan da rawaya, ya bar wani fari. Bai taɓa miƙo mini alƙalamin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don ba a saba ganin mace tana yi ba. Lakwal kuwa a ƙarshen firamare na tsaya, ina shekara 17 aka yi mini aure. Ina faɗa miki wannan ne don ki san ba a waya na tsinci abin nan ba, kamar yadda Adda take yaɗawa. A gidanmu na gan shi.

Farawar kuma a Janairun 2022 ne, lokacin da aka kawo gasar Kofin Afirka filin Rumde Ajiya na garinmu. An yi mini tiyata, likita ya hana ni taka keke har wata uku. Gida ya watse, maza suna filin ƙwallo ko gaban talabijin, ni ina kwance ni kaɗai da ciwo. Daren da Tunisiya ta fitar da Najeriya, unguwa ta cika da hayaniya, sai na ga kayen autana, wato littafin rubutunsa, a gefen katifa, an ba shi aikin gida ya zana mangwaro. Na ɗauki fensirinsa na zana butar da ke gabana. Ta karkace, na sake. Ban ankara ba sai da na ji gari ya yi tsit, ƙarfe ɗaya ta wuce, kuma tun da aka yanka ni ranar ce ta farko da na manta da ciwon.

Daga nan na shiga koyo a YouTube. Faransancina kaɗan ne, Turancin Ingila kuwa ba na ji ko kaɗan, hannun masu koyarwar kawai nake kallo. A haka na gane cewa fensir ba iri ɗaya ba ne, HB na shata layi, 2B na inuwa, 6B na wurin da ya yi baƙi ƙirin. Na koyi miƙe hannu da fensir in rufe ido ɗaya in auna abu da babban yatsa. Na koyi ƙanƙance ido don in ga inda haske ya faɗa da inda duhu yake. Da na koma fentin ruwa sai na tarar da wata duniyar daban: ba a shafa fari, takardar ake bari ta zama farin, kuma daga mai haske ake farawa a ƙare da mai duhu, in kika yi kuskure babu komawa. Ga zafin Garwa, ke ma kin san watan Maris da Afrilu, zafi ya haura 40, kafin burushi ya isa takarda fentin ya fara bushewa. Da hunturu kuma ƙura ta manne a jiƙaƙƙiyar takarda. Shi ya sa na mayar da lokacina bayan sallar asuba, kafin yara su tashi. Ban ci lokacin kowa ba. Barcina na rage.

Na zana kuka, na zana dutsen Tingilin daga saman benen ƙanwata, na zana gadar Binuwai. Launin ruwan kogin da damina, wanda yake kamar shayi da madara, ya fi sau 20 ina haɗawa kafin ya yi kusa. Duk a lokacin ban taɓa zana abu mai rai ba, ko kaza, saboda na san hadisin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da zane yake ci, Ibn Abbas ya gaya masa azabar mai yin sura, sannan ya ce in dai dole sai ya yi, to ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai. Na san shi tun kafin Adda ta zo tana karanta mini shi a tsakar gida kamar wadda ba ta taɓa shiga Islamiyya ba.

Ita Adda, Hajiya, tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ƙaunata ba. 'Yar ƙawarta ta so ƙaninta ya aura. Shekara 26 ina yi mata biyayya, in ta zo ni ce shimfiɗa, ni ce ruwan wanka, ɗinkinta da na 'ya'yanta ban taɓa karɓar ko dala ba. Duk da haka miyata ba ta taɓa yi mata daɗi ba. Ranar nan a gaban yarana da matan maƙwabta ta wanke ni tas. Ta ce gotai-gotai da ni, uwar 'ya'ya biyar, na zauna ina wasan yara. Ta ce na mayar da gidan ƙaninta gidan gumaka, na kori mala'ikun rahama. Alhali a falonta akwai ƙaton hotonta da ta ɗauka da ta dawo daga Makka, an sa masa gilashi. Wannan bai kori mala'iku ba sai na uwata?

Na tsallake yadda aka yi na zo ga fuska. Inna ta rasu bara cikin azumi. Bandar kifi take sarowa daga Lagdo tana sayarwa, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Malam. Hotunanta duk suna cikin wayata, aka zare wayar a kasuwa wata biyu bayan rasuwar. Abin da ya rage mana hoton tsohon katinta na ɗan ƙasa, bai fi babban yatsa ba, ya ma dushe. Ban yi gaban kaina ba, na je na tambayi malamin Islamiyyarmu. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin abin da aka sassaƙa mai inuwa da abin da ke shimfiɗe a takarda, kuma wanda bai cika jiki ba, kamar kai da kafaɗa, ya fi sauƙi. Ya ce barin ya fi, amma in na yi kada in rataye. To gaskiya na rataye, amma kwana uku ne kacal, kuma ba don ado ba. Duk mai zane ya san sai ka ja da baya ka hango aiki daga nesa kake gane inda ya karkace. A cikin kwana ukun nan ta zo.

Kin san wahalar fuska kuwa? Ido a tsakiyar kai yake, ba a sama ba kamar yadda hannu yake so ya sa shi, kuma tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne. Na san duk wannan, na raba ɗan hoton gida-gida da layuka, na raba babbar takarda haka, ina kwashewa gida bayan gida. Sau 14 ina yi, tana fitowa wata mata mai kama da Inna amma ba ita ba. Wani lokaci in yi kuka in yage. A na 15 ne na bar katin, na rufe ido na tuna yadda take kallonmu idan mun dawo makaranta, leɓenta na ƙasa ya ɗan saki, wushiryarta ta ɗan fito. A katin bakinta a rufe yake, daga kaina na ƙara wannan. Da ƙanina ya gani bai ce komai ba, ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hularsa. Ko a waya ban ɗauka ba, ina jira in gama kunnen hagu.

Akwai maganar kuɗi, kada ta riga ni faɗa ta juya ta. 'Yar Adda za a aurar nan da mako uku, na yi alkawarin gudummawar sefa dubu 60 idan na kwashi adashi. Da na kwasa sai na cire dubu 35 na aika Yawunde aka sayo mini takarda mai kauri, mai giram 300, wadda ba ta kumburewa in ta sha ruwa, da fenti da burushi biyu, aka sako a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mota ta ƙaraso da su. Kuɗina ne, gumina ne, da ƙafata na taka keke na same su, kuma na yi niyyar cikawa kafin biki. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Haka nan ɗinkin sallar mata biyu ya makara, sun yi ta surutu, amma wane tela ne ɗinki bai taɓa makara a hannunsa ba? In kuɗin ne ya ɓata mata rai, ai sai ta tambaye ni kuɗin. Me Inna ta yi mata?

Maigida kuwa da na kai masa kuka cewa ya yi a bar maganar, Adda uwa ce a wurinsa. Sannan ya ce, "Takarda ce fa, ki sake wata mana." Wallahi wannan ta fi ƙonawar yi mini ciwo. Shekara da shekaru ina nuna masa aikina, sai ya ce ya yi kyau idonsa na kan waya.

Amma zan gaya miki wani abu da ban gaya wa kowa ba. Tun kafin wannan abu gwiwata ta sha yin sanyi. Akwai lokacin da na yi wata huɗu ban buɗe akwatin kayan ba. Sai in shiga Facebook in ga yaro ɗan shekara 18 ya zana fuska kamar a kira ta ta amsa, in dubi nawa, in ce ke da wa kike takara? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ni da abokiyar yi, ba ni da malami, babu wanda zai ce mini nan kin gyara, nan kin ɓata. Dabarar da na yi wa kaina ita ce minti 15 kullum ko da cokali ne in zana, in rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda, in zuciya ta karye in fito da na farko in jera da na yanzu. Butar nan ta 2022 tana nan, in na dube ta sai in ga lallai na yi tafiya. Wannan ya sha tayar da ni. Yanzu ya ƙi. Asuba uku ina zama da takarda a gabana, fensir a hannu, hannun yana rawa, ko da'ira na kasa rufewa. Ina jin tsoro ko na 15 ɗin nan sa'a ce kawai ta zo sau ɗaya. Ina kuma jin tsoro don kwanan nan in na rufe ido fuskar Inna ba ta zuwa sosai kamar da, zanen nake gani a madadinta, shi ma yana dushewa.

To Hajiya ki ba ni shawara. In je bikin nan ko kada in je? In na je dole in durƙusa in gaishe ta, ita kuwa ko a jikinta, har yau ba ta aiko da ban haƙuri ba. In ban je ba a ce na raba zumunci saboda takarda. Sauran kuɗin ma ban san ko in cika ba. Kuma ki tambayar mini malaman da kike gayyatowa, shin alhakin wa ya fi, ni da na zana ko ita da ta shiga ɗakin da ba nata ba ta ƙona abin da ba nata ba? In sun ce na yi laifi zan tuba, ba na jayayya da addini. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Wanda abu ya fita ransa ta wannan hanya, yaya ake yi ya dawo? In koma kan kuka da kogi in haƙura da Inna, ko in sake ɗaukar katin in fara na 16 tun fuskar ba ta gama ɓace mini ba? Jiya na haɗa kayan a leda zan ba yara, 'yar tawa ta mayar da su ƙarƙashin gado ta ce ba za su karɓa ba.

Don Allah in za ki karanta kada ki faɗi unguwarmu, Adda tana sauraron shirin.

Taki,
wata baiwar Allah daga Garwa